BABI NA UKU: TARIHIN GODZILLA DA BATUN DACEWARSA GA YARA 'YAN KALLO

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi an bi diddigin tarihin Godzilla, wato shahararren dodon nan na finafinan ƙasar Japan, tun daga fitowarsa ta farko a shekarar 1954 har zuwa shekarar 2024. Manufar yin haka ita ce a sami amsar wata tambaya da iyaye da malamai da hukumomin tace finafinai suka daɗe suna yi, wato ko ya dace yaro ya kalli fim ɗin da aka gina a kan ƙaton dodo mai rusa gari. An zaɓi Godzilla ne bisa dalilai biyu. Na farko, babu wani dodon fim da aka yi wa finafinai masu yawa kamarsa, domin sun haura 30. Na biyu, a cikin waɗannan shekaru 70 an nuna shi a matsayin bala'i mai kama da bam ɗin nukiliya, an nuna shi a matsayin abokin yara mai rawa da tsalle, daga baya kuma aka sake mayar da shi bala'i. Ke nan tarihinsa kaɗai ya isa ya fito da dukkan fuskokin matsalar.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, sunan dodo da girmansa ba su isa a yanke hukunci a kan dacewar fim ga yara ba. Ma'aunin da ya fi ƙarfi shi ne yadda fim ya nuna halin mutanen da ke ƙarƙashin ƙafar dodon, tare da shekarun yaron da ke kallo.

An yi amfani da kalmar "dodo" ne a madadin kalmar Japananci *kaiju*, wadda take nufin baƙuwar dabba mai ban al'ajabi. Sai dai akwai bambanci tsakaninsa da dodon tatsuniya. Dodon tatsuniya yakan tare mutum ɗaya a bakin rafi ko a dawa, yana magana, ana kuma iya yi masa wayo. Shi kuwa dodon fim birni guda yake takewa, kuma bai ma san da mutanen da yake takewa ba.

3.1 Asalin Finafinan Manyan Dodanni

Fim ɗin da ya buɗe wannan fage shi ne *King Kong*, wanda kamfanin RKO na Amurka ya fitar a shekarar 1933, a ƙarƙashin umarnin Merian C. Cooper da Ernest B. Schoedsack. Labari ne na wani ƙaton goggon biri da aka kamo daga tsibiri aka kai birnin New York domin nune, ya kuɓuce, ya yi ɓarna, ya hau ƙololuwar bene mafi tsawo a birnin, inda jiragen sama suka harbo shi. Willis O'Brien ne ya motsa birin ta hanyar ɗaukar 'yar tsana hoto ɗaya bayan ɗaya, ana ɗan gusa ta kafin kowane hoto.

A wancan lokaci Amurka ba ta da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun 'yan kallo. Abin da ake da shi wata ƙa'ida ce ta ɗa'a, wadda aka tsaurara aiki da ita daga shekarar 1934. Saboda haka, da aka tashi sake nuna *King Kong* a shekarar 1938, sai aka yanke wuraren da birin yake tauna mutane da inda yake take su, da kuma inda yake yage wa tauraruwar fim ɗin tufafi. Wannan shi ne maganin farko da aka yi wa matsalar: a gyara fim ɗaya yadda babba da yaro za su kalle shi tare.

An sake nuna *King Kong* a shekarar 1952, kuma ya kawo kuɗi masu yawa. A shekarar 1953 sai kamfanin Warner ya fitar da *The Beast from 20,000 Fathoms*, wanda yake ba da labarin wata ƙatuwar dabba mai kama da ƙadangare da gwajin bam ɗin nukiliya ya tayar daga cikin ƙanƙara. A nan ne aka haɗa dodo da nukiliya. Waɗannan finafinai biyu su ne masu shirya fim a Japan suka duba lokacin da suka yi niyyar yin nasu dodon.

3.2 Haihuwar Godzilla a Shekarar 1954

Ba za a fahimci fim ɗin farko na Godzilla ba sai an dubi halin da Japan take ciki. A daren 9 zuwa 10 ga Maris na shekarar 1945, jiragen Amurka sun yi wa birnin Tokiyo ruwan bama-baman wuta, inda kimanin mutum 100,000 suka mutu. A ranar 6 ga Agusta aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, a ranar 9 kuma a Nagasaki. Daga nan ƙasar ta zauna a ƙarƙashin mulkin sojan Amurka har zuwa watan Afrilu na shekarar 1952, kuma a tsawon wannan lokaci an taƙaita maganar bam ɗin a jaridu da finafinai.

A ranar 1 ga Maris, 1954, Amurka ta yi gwajin wani bam a tsibirin Bikini da ke tekun Fasifik, wanda ƙarfinsa ya kai kusan ninki 1,000 na bam ɗin Hiroshima. Tokar gwajin ta sauka a kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, mai ɗauke da ma'aikata 23. Dukkansu sun kamu da ciwon da tururin nukiliya yake jawowa, kuma ma'aikacin rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a ranar 23 ga Satumba na wannan shekara. Mutane suka ƙaurace wa kifi a kasuwanni. Wasu matan unguwar Suginami ta Tokiyo suka fara tattara sa hannu na neman a hana gwajin nukiliya, kuma kafin ƙarshen shekarar 1955 sa hannun ya haura miliyan 30.

A cikin wannan yanayi ne kamfanin Toho ya fitar da *Gojira* a duk faɗin ƙasar, ranar 3 ga Nuwamba, 1954, wato mako shida kacal bayan rasuwar Kuboyama. Tomoyuki Tanaka ne ya shirya shi, Ishiro Honda ya ba da umarni, Eiji Tsuburaya ya yi dabarun hoto, Akira Ifukube kuma ya tsara kiɗa. An haɗa sunan ne daga kalmomin Japananci biyu: *gorira*, wato goggon biri, da *kujira*, wato babban kifin nan na teku. Da yake babu lokaci da kuɗin bin hanyar O'Brien, sai aka ɗinka rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, ɗan wasa Haruo Nakajima ya shiga ciki yana take ƙananan gine-ginen kwaikwayo. Kukan dodon kuwa an samo shi ne ta hanyar goga safar hannu ta fata a kan tsirkiyar babban gogen Turawa.

Shi Honda tsohon soja ne da ya yi yaƙi a ƙasar Sin, kuma ya ratsa ta Hiroshima a kan hanyarsa ta komawa gida a shekarar 1946. Abin da ya gani ya bayyana a fim ɗin. An buɗe labarin da wani jirgin ruwa da haske mai ƙuna ya halaka, abin da kowane ɗan kallo ya san inda aka dosa. Lokacin da dodon mai tsawon mita 50 ya ƙone Tokiyo, kyamara ba ta tsaya a kansa kaɗai ba. An nuna wata uwa ta rungume 'ya'yanta a gindin gini, wuta na matsowa, tana gaya musu sun kusa tarar da mahaifinsu. An nuna asibiti cike da masu rauni a kwance a ƙasa, likita yana kara wa wani yaro na'urar auna tururin nukiliya, na'urar tana ƙara. An nuna 'yan mata 'yan makaranta suna waƙar roƙon zaman lafiya. A ƙarshe masanin kimiyya Serizawa ya ƙone takardun makamin da ya ƙirƙira, ya kashe dodon da shi a ƙarƙashin ruwa, ya kuma zaɓi ya mutu tare da shi don kada a tilasta masa sake ƙera makamin.

Abin lura a nan shi ne matsayin yara a fim ɗin. Sun fito ne a matsayin waɗanda bala'i ya faɗa wa, marayu da majinyata. An sayar da tikiti kimanin miliyan 9.6, kuma duk ɗan kallon da ya haura shekara 15 a lokacin ya san ƙarar jiniyar jiragen yaƙi da kunnensa. Don irin waɗannan mutane aka yi fim ɗin.

3.3 Yadda Aka Sauya Fim ɗin a Amurka

A shekarar 1956 aka fitar da fim ɗin a Amurka da sunan *Godzilla, King of the Monsters!* An rage tsawonsa daga minti 96 zuwa kimanin minti 80, aka kuma cusa sababbin fitowa na ɗan wasan Amurka Raymond Burr a matsayin ɗan jarida mai ba da labari. Daga cikin abubuwan da aka cire akwai wata hira a cikin jirgin ƙasa, inda wata mata take kokawa a kan gurɓataccen kifi tana tuna yadda ta tsira daga Nagasaki. Haka kuma an cire gargaɗin ƙarshe na Farfesa Yamane cewa muddin aka ci gaba da gwajin nukiliya wani dodon zai sake fitowa.

Sakamakon haka, 'yan kallon Amurka da na ƙasashe da dama sun san Godzilla a matsayin fim ɗin nishaɗi na samari, wanda daga baya gidajen talabijin suka riƙa maimaitawa. Sai a shekarar 2004 ne aka nuna ainihin fim ɗin Honda a gidajen silima na Amurka baki ɗaya. Wannan shi ne mataki na farko na kusantar da dodon ga ƙananan 'yan kallo, kuma an yi shi ne ta hanyar rage abin da yake tunatar da mutane haƙiƙanin bam.

3.4 Komawar Godzilla Abokin Yara, 1962 zuwa 1975

Abin da ya mayar da Godzilla na yara a Japan kasuwa ce. A shekarar 1958 an sayar da tikitin silima fiye da biliyan 1.1 a ƙasar, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Daga nan talabijin ya shiga gidaje, musamman lokacin auren Yarima Akihito a 1959 da wasannin Olamfik na Tokiyo a 1964. Zuwa shekarar 1963 adadin ya ragu da fiye da rabi, zuwa 1970 kuma ya koma kimanin miliyan 255. Manya sun zauna a gida, yara ne suka rage masu jan iyayensu zuwa silima lokacin hutu. Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Sauyin ya zo daki-daki. A shekarar 1962 aka yi *King Kong vs. Godzilla*, fim na farko mai launi a jerin, cike da barkwanci da kokawa, wanda ya sayar da tikiti fiye da miliyan 11. A shekarar 1964, a fim ɗin *Ghidorah, the Three-Headed Monster*, Godzilla ya haɗa kai da wasu dodanni biyu domin kare duniya daga wani dodo mai kai uku da ya zo daga sararin samaniya. A fim ɗin 1965 har rawar murna ya taka bayan ya yi nasara, abin da Honda bai so ba. A 1967 aka ba shi ɗa mai suna Minilla. Ita kanta fuskar rigar an gyara ta, idanu suka ƙara girma, kai ya ƙara zagaye. Bugu da ƙari, an riƙa kai faɗan tsibirai inda babu kowa. Wannan ya rage wa kamfani kuɗin gina biranen kwaikwayo, ya kuma kawar da mutanen da za a take.

Gasa ma ta taimaka. Kamfanin Daiei ya fito da Gamera a 1965, wani ƙaton kunkuru da aka tallata a matsayin abokin yara. A 1966 kamfanin Tsuburaya ya fara shirin *Ultraman* a talabijin, inda yara suke ganin sabon dodo kowane mako kyauta, kamfanonin kayan wasa irin su Marusan kuma suna sayar da dodannin roba. Domin fuskantar wannan, Toho ya ƙirƙiro wani bikin finafinan yara na lokacin hutu mai suna Toho Champion Matsuri, wanda ya gudana daga 1969 zuwa 1978, inda ake haɗa fim ɗin dodo da katun.

Fim ɗin da aka buɗe bikin da shi, *All Monsters Attack* na 1969, ya cancanci a tsaya a kansa. Tauraronsa wani yaro ne mai suna Ichiro da ke zaune a garin masana'antu na Kawasaki. Uwa da uba duk suna wurin aiki, yakan dawo makaranta ya tarar da gida ba kowa, ga kuma wani yaro mai cin zalinsa. A cikin mafarki yake zuwa tsibirin dodanni, inda yake ganin Godzilla yana koya wa ɗansa tsayawa da ƙafarsa. A nan dodon ya zama madadin uban da ba ya gida. Cikin shekara 15, yaron da aka kara wa na'ura a asibiti ya koma yaron da dodo yake ba shawara.

Duk da haka, yi wa yara fim bai hana abubuwan firgita shiga ciki ba. An san Tsuburaya da ƙin nuna jini saboda yara, amma bayan rasuwarsa a watan Janairu na 1970 sai jini ya fara tsartuwa daga jikin dodanni, kamar a finafinan 1972 da 1974. Haka kuma *Godzilla vs. Hedorah* na 1971, wanda Yoshimitsu Banno ya ba da umarni, ya ɗauko jigon gurɓatar muhalli a daidai lokacin da cutar Minamata da ciwon asma na Yokkaichi suke bakin kowa a Japan. A cikinsa dodon dagwalo yana wucewa ta kan mutane su narke su bar ƙasusuwa, alhali a bikin yara aka nuna shi. A shekarar 1975, da tikitin *Terror of Mechagodzilla* ya kasa kai miliyan 1, sai Toho ya dakatar da jerin.

3.5 Hukumomin Tacewa da Alamomin Shekaru

A daidai wannan zamani ne aka sauya hanyar kare yara, daga yanke fim zuwa ɗora masa alama. A Japan an kafa hukumar Eirin a 1949, aka sake mata tsari a 1956 bayan ƙorafin jama'a a kan finafinan samari. A 1998 ta shigo da alamar PG-12, a 2009 kuma ta tsayar da rukunoni huɗu: G na kowa da kowa, PG12 mai buƙatar jagorancin iyaye ga 'yan ƙasa da shekara 12, sai R15+ da R18+ masu hana shiga. A Amurka ƙungiyar kamfanonin fim ta fara nata tsarin ranar 1 ga Nuwamba, 1968. A watan Yuli na 1984 ta ƙara alamar PG-13, bayan iyaye sun koka da abubuwan tsoro a finafinan *Gremlins* da *Indiana Jones and the Temple of Doom*. A Birtaniya kuma an shigo da alamar 12A a 2002, wadda ta ba ɗan ƙasa da shekara 12 damar shiga silima idan yana tare da babba.

Alamar ta zama abin ciniki. Alal misali, lokacin da aka kai *Godzilla vs. Megalon* Amurka a 1976, an yanke wasu wurare domin ya sami alamar G. A 1978 kamfanin Hanna-Barbera ya yi katun na talabijin inda Godzilla yake amsa kiran wasu masu bincike a teku, tare da wani ɗan ƙaramin dodo mai ban dariya, Godzooky. Su kuwa finafinan Godzilla da aka yi a Amurka, wato na 1998 da 2014 da 2019 da 2021 da 2024, dukkansu alamar PG-13 suka samu. Ita ce alamar da ke ba kamfani damar rusa birni son ransa ba tare da ya rasa tikitin yara ba, muddin bai nuna jini da gawa a fili ba.

Wani abin da ke nuna iyakar alama shi ne saɓanin ƙasashe. Fim ɗin *Godzilla Minus One* na 2023 ya sami G a Japan, PG-13 a Amurka, 12A a Birtaniya. Fim ɗaya ne, hukunci uku. Ke nan alama tana bayyana al'adar ƙasar da ta ɗora ta ne, gwargwadon yadda take bayyana abin da ke cikin fim.

3.6 Dawowar Tsoro, 1984 zuwa 2024

A shekarar 1984 Toho ya dawo da dodon a *The Return of Godzilla*, ya yi watsi da duk labaran abota, ya ƙara masa tsawo zuwa mita 80, ya kuma saka shi a tsakiyar takun-saƙar nukiliya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Yaran da suka taso da bikin hutu sun girma, kuma su ake nema a wannan karo. Amma kamfanin bai saki kasuwar yara ba. A 2001 Shusuke Kaneko ya yi fim inda Godzilla mai fararen idanu yake ɗauke da rayukan waɗanda suka mutu a yaƙin Fasifik, yana kashe mutane a fili, sai ga shi an haɗa shi a tikiti ɗaya da katun ɗin *Hamtaro*, labarin wata 'yar dabba mai kama da ɓera da aka yi domin ƙananan yara. Wannan haɗi ya nuna ruɗanin da kamfanin kansa yake ciki game da masu kallon dodonsa.

A 2016 Hideaki Anno da Shinji Higuchi suka yi *Shin Godzilla*, wanda ya ɗauko hotunan girgizar ƙasa da ambaliyar teku da haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima na ranar 11 ga Maris, 2011. Yawancinsa tarurrukan jami'an gwamnati ne, dodon kuma yana sauya kama yana zubar da jini. A ranar 3 ga Nuwamba, 2023, Takashi Yamazaki ya fitar da *Godzilla Minus One*, wanda ya koma shekarun 1945 zuwa 1947. Tauraronsa matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake ne da ya guje wa aikinsa, yana riƙon wata marainiya a cikin kufan Tokiyo. Idan dodon ya yi feshi, gajimaren bam ne yake tashi, baƙin ruwan sama ya biyo baya. Fim ɗin ya ci kyautar Oska ta dabarun hoto a watan Maris na 2024. A cikin wannan wata kuma aka fitar da *Godzilla x Kong: The New Empire* a Amurka, inda dodanni suke kokawa a kan dalar Masar da birnin Rio de Janeiro cikin raha, kyamara ba ta damu da mazauna ba. Wato fuskar 1954 da fuskar 1969 sun bayyana a gidajen silima cikin wata biyar.

3.7 Abin da Ke Tsorata Yaro

Binciken Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin da abokan aikinta, tun daga shekarun 1980, ya taimaka wajen fahimtar wannan tarihi. Sun gano cewa ƙaramin yaro kamannin abu ne suke tsorata shi, ko da abin ba zai taɓa faruwa ba, babban yaro kuwa abin da zai iya faruwa da gaske ne yake damun sa. Da aka nuna wa yara shirin *The Incredible Hulk*, ƙanana sun fi firgita bayan tauraron ya rikiɗe ya zama ƙato mai koren jiki, duk da cewa taimako yake zuwa yi, manyan yara kuwa hankalinsu kwanciya yake yi a lokacin. Da aka nuna fim ɗin yaƙin nukiliya *The Day After* a talabijin a 1983, sai abin ya juya: matasa sun fi ƙananan yara tashin hankali, domin su ne suka gane abin da ake nufi.

Idan aka ɗora wannan a kan Godzilla, za a ga abubuwa uku. Na farko, ɗan shekara 5 zai iya firgita da haƙora da kuka ko da a fim ɗin da dodon yake abokin kowa, kuma gaya masa cewa roba ce ba ya yin tasiri sosai. Na biyu, ɗan shekara 11 zai iya yi wa rigar roba dariya, amma mutuwar uwa a tashar nukiliya a farkon fim ɗin 2014, ko kukan marainiya a fim ɗin 2023, su zauna masa a rai. Na uku, akwai matsalar da alama ba ta aunawa, wato fim ɗin da yake rusa benaye ɗari ba tare da nuna ko mutum ɗaya da ya yi rashi ba. Irin wannan ba ya hana yaro barci, amma yana nuna masa halakar gari a matsayin wasa.

Saboda haka kalmar "dacewa" tana da ma'ana biyu da ya kamata a rarrabe. Akwai dacewa ta rashin firgitarwa, akwai kuma dacewa ta faɗin gaskiya a kan sakamakon ɓarna. Fim ɗin 1954 ya yi wa ƙaramin yaro nauyi a ma'ana ta farko, amma ya cika ta biyu. Yawancin finafinan bikin hutu da na Amurka sun cika ta farko, sun gaza a ta biyu. Wanda zai iya auna waɗannan biyu ga yaro guda shi ne wanda ya san yaron, ya kuma san fim ɗin kafin a kunna.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda Godzilla ya samo asali daga yaƙi da gwajin Bikini, yadda aka rage masa nauyi a Amurka a 1956, da yadda faɗuwar kasuwar silima ta mayar da shi abokin yara tsakanin 1962 da 1975. An ga kuma yadda hukumomi suka bar yanke fim suka koma ɗora alama, da yadda fuskokin dodon biyu suka ci gaba da tafiya tare har zuwa 2024. Abin da tarihin ya tabbatar shi ne, duk lokacin da aka so kusantar da Godzilla ga yara, ba a rage masa tsawo ba. Mutanen da ke ƙarƙashinsa aka riƙa cirewa daga hoto. Don haka mai son sanin ko wani fim ɗin dodo ya dace da yaro, sai ya fara tambayar wace shekara aka yi shi, don wa aka yi shi, kuma me kyamara take nunawa bayan dodon ya wuce. A babi na gaba za a yi nazarin jigo da zubin fim ɗin 1954 da na 1969, domin a ga yadda wannan bambanci ya bayyana a cikin tsarin labari.